Kasuwar Alhamis a Bakin Galma

A shekarar da aka janye tallafin man fetur, tsofaffin kekuna suka fito daga zauruka da ɗakunan ajiya na birnin Zariya kamar an yi musu shela. Malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata, kowa ya jingine babur ya kakkaɓe keken da ya manta da shi. Wanda ya fi kowa jin wannan canji a cikin danginmu shi ne taubashina, ɗan Gwaggo, wanda yake gyaran keke a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a Ƙofar Kuyambana tun muna samari. Da can yakan wuni yana korar ƙuda. A wannan shekara kuwa sai ka ga kekuna a kife a gabansa, ƙafafu sama, har bakin kwata.

Ni a Limancin Kona aka haife ni, a nan nake har yau. Aikina kwafar littattafai da ɗaure su, da karantar da wasu magidanta bayan sallar Asuba. Na girme shi da 'yan watanni. Da yake shi ɗan mace ne ni ɗan namiji, nakan kira shi bawana, shi kuma ya kira ni Malam da wata irin murya da take mayar da girmamawa tsokana. Babu abin da bai taɓa tsokanata a kansa ba: rawanina, tafiyata, sanƙona, yadda nake hura shayi kafin in kurɓa. Abu ɗaya ne kawai bai taɓa kawowa cikin wasa ba, sama da shekara talatin. Wannan shirun nasa ya fi duk tsokanarsa yi mini nauyi.

Mahaifinsa ɗan koli ne. Yakan ɗaura allurai da zare da madubai da turare a bayan keke, ya bi kasuwannin ƙauyukan da ke bakin kogin Galma shi da wani abokin tafiyarsa. A ɗaya daga cikin waɗannan kasuwanni ciwon ciki ya kama shi, bai kai yamma ba Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi a can. Abokin ne ya turo kekuna biyu zuwa gida. Taubashina lokacin ko yaye shi ba a daɗe da yi ba. Manyan danginmu da suka san wurin duk sun riga mu gidan gaskiya kafin mu yi wayon tambaya, Gwaggo kuwa ba ta san hanyoyin bayan ganuwa ba, kuma ba ta son zancen.

Da muka tasa, sai muka ji abokin nan yana kwance ba lafiya a Ƙofar Kibo. Muka je tare. Bayan gaisuwa taubashina ya koma zaure, ni na zauna a gefen tabarmar mara lafiyar da alƙalami da tawada, yana faɗa ina rubutawa da ajami: Asabar kasuwa kaza, Lahadi kasuwa kaza, da alamar kowace, har zuwa Alhamis, inda ya ce nan ne, a bakin ruwa, ƙarƙashin tsamiyoyi uku. Sunan ƙauyen na mai garinsa ne na wancan zamani, irin sunayen da suke tafiya tare da masu su. Da muka fito taubashina ya tambaye ni nisan wurin. Na ƙirga a takarda na ce masa kwana shida zuwa, kwana shida dawowa. Ya ce mu tafi. Na ce to, na yi masa alkawari.

Ranar Asabar ɗin da muka sa, ya jira ni a Ƙofar Kona da kekensa a ɗaure har rana ta ɗaga. Da bai gan ni ba ya biyo ni gida, ya same ni a ƙudundune cikin bargo ina nishi, na ce masa masassara ce. Ƙarya nake yi, Allah ya gafarta mini. Tsoro ne ya kama ni. Ban taɓa kwana a bayan ganuwa ba, ga labaran 'yan fashi da na mutanen ruwa, ga kwana goma sha biyu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ni, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya juya. Ba ya iya karanta rubutuna, kuma bai sake tambayar takardar ba. Na cusa ta a cikin gafaka. Aure ya zo, 'ya'ya suka zo, Gwaggo ta rasu, takarda tana nan.

To a waccan shekara ta kekuna, bayan an girbe shinkafa, na kai masa nawa ya duba mini birki. Ina zaune a benci sai na lura yana laluben sukudireba da hannu alhali ga ta a gabansa, ɗan gefe kaɗan.

Na ce, “Bawana, tsufa ne ko ƙiwa?”

Ya ce, “Ido ne, Malam. Likita ya ce hawan jinin ido. Gefe da gefe ya tafi, saura tsakiya kamar ana leƙe ta bututu. Ya ba ni na ɗigawa, ya ce zai rage masa gudu, amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba.”

Ya faɗa yana murɗa goro kamar labarin wani yake bayarwa. Na koma gida. Bayan La'asar na sauko da gafaka, na zaro takardar. Gefenta ya yi ja, amma tawadar tana nan baƙa wuluk, don da hannuna na dafa ta. Washegari na ajiye ta a kan cinyarsa.

Ya shafa ta, ya kawo ta dab da fuskarsa. Can ya ce, “Da waɗannan ƙafafun naka na zaman buzu?”

Na ce, “Da su. Asabar mai zuwa, a Ƙofar Kona. Wannan karon ni zan jira ka.”

Ya ce a mota ma ana iya nema. Na ce a ina za mu ce wa direba ya tsaya? Takardar ba ta san titi ba, kogi ta sani. Dole mu bi ta yadda aka faɗe ta, kasuwa bayan kasuwa.

Shi ya shirya kekunan. Nasa na mahaifinsa ne, baƙi mai sanda, wanda ya sake wa kusan komai ban da ƙashin jikinsa. Ya ƙara wa kariyar kowannenmu ƙarfe, ya sa sababbin tayoyi, ya ɗaure famfo da faci da sholisho a cikin tsohuwar safa. Muka ɗauki tamfol ɗaya, gidan sauro biyu, tabarmi, buta, ƙaramar tukunya, garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino da ganyen shayi. Na karɓo takardar shaida daga mai unguwarmu, saboda zamani ya canza, baƙo biyu a bakin kogi abin tambaya ne. Uwargidana ta dube ni ina ɗaure kaya ta ce, “Malam, kai da ko kasuwar Sabon Gari sai an yi da gaske?” Na ce ta yi mana addu'a kawai.

Ranar Asabar na riga shi zuwa Ƙofar Kona. Da ya iso ya tarar da ni a tsaye, sai ya buga ƙararrawa sau ɗaya.

Tun kafin mu kai gadar Dakace muka gano yadda za mu yi tafiyar. Ni a gaba da farar riga, shi a baya yana riƙe da farin a tsakiyar idonsa. Duk abin da ke ƙasa ni zan faɗa. Rami. Yashi. Ƙaya a dama. Akuya. Da farko ina jin kunyar ɗaga murya a hanya, ni da aka sani da magana ƙasa-ƙasa. Kafin azahar na saba, har ya ce ashe an yi asarar ɗan kamasho a tasha.

Daga gadar muka sauka muka kama hanyar ƙafa ta masu lambu, muna fuskantar gabas, kogi yana gefenmu. Ban taɓa sanin haka bayan garinmu yake ba. Fadama shimfiɗe, rake ya fi mutum tsawo, ana dashen albasa da tumatir, injinan ban ruwa suna ta tari a bakin gaɓa. Wani wuri hanya ta yi santsi kamar daɓe, wani wuri mu sauka mu tura cikin yashi har gumi ya jiƙa mana wuya. Cinyoyina suka yi tsami tun ranar farko, sirdi kuwa ya koya mini abin da buzu bai taɓa koya mini ba. Amma ban ji tsoro ba, ko kaɗan. Na yi ta neman tsoron nan na samartaka a cikin ƙirjina ban same shi ba.

Muka kafa wa kanmu ƙa'ida. Duk garin da za mu kwana kusa da shi, sai mun fara gaida mai gari, mun nuna takardar shaida, mun yi Magariba a masallacinsu. Kullum sai an yi mana tayin zaure, kullum sai taubashina ya ce a yi haƙuri, a bakin ruwa za mu kwana, don abokin mahaifinsa ya ce haka suke yi saboda kaya da kuma sammako. Sai mu nemi tudu mai bishiya biyu, mu ɗaura igiya, mu yafa tamfol, mu jingina kekuna su zama bango. Shi ke hura wuta, ni ke ɗebo ruwa. Kafin mu kwanta in ɗiga masa magani, yana cewa in yi a hankali, ido ne ba tawada ba.

A kwana na biyu na zaɓi wuri da kaina, wani fili mai laushi da ya gangara zuwa ruwa, na ce ban ga kamarsa ba. Muna idar da sallar Asuba muka ji ƙasa tana motsi. Ashe mashayar shanu ce. Garke guda ya ratso ta tsakaninmu, wata saniya ta tafi da igiyar tamfol a ƙahonta, wata ta taka tukunya. Bafulatanin da ke bayansu, dattijo ne mai farin gemu, ya tsaya ya dogara sanda yana kallonmu.

Ya ce, “Daga birni kuke?”

Taubashina ya ce, “Ni dai bawa ne, ga ubangidana can yana bin tamfol. Shi ya karanta littattafai ya zaɓo mana nan.”

Dattijon ya yi dariya har ya zauna. Daga baya matarsa ta kawo mana nono a ƙwarya, ya nuna mana yadda ake gane mashaya ta sawun kofato da rashin ciyawa. Tukunyar ta lotsa amma ba ta huje ba, da ita muka ƙarasa tafiyar.

Faci kuwa mun yi shi ba adadi. A nan ne na ga gwaninta. Ba ya buƙatar ido. Sai ya zaro robar cikin taya, ya ba ta iska, ya bi da ita kusa da leɓensa a hankali har ya ji inda take huci. Ya kankare, ya shafa sholisho, ya jira, ya manna, duk yana ba ni labarin masu kawo masa keke. In na ce in taimaka sai ya ce in riƙe famfo kawai kada in yi masa tafsiri.

Takardar ba ta ba mu kunya ba a kwanakin farko. Kowace safiya nakan karanta zangon ranar kaɗai, in ninke ta in mayar aljihu. Kasuwar Asabar tana nan da ranta. Ta Lahadi ta mutu, amma kukar da aka ambata tana tsaye, wata tsohuwa mai tallar daddawa ta nuna mana inda rumfuna suke a da. Ta Litinin muka same ta cike, ana dafa mazarƙwaila a bayanta, ƙamshi ya cika gari. Taubashina ya yi ta zagaya rumfunan 'yan koli yana kai fuskarsa kusa da kayan, yana tambayar farashin allura ba don zai saya ba. Na bar shi. Talata muka kai wata kasuwar kifi inda kogin ya yi faɗi, duwatsu suka fara bayyana daga nesa. A nan takardar ta ce a haye a mashigin masunta.

Laraba da sassafe wani masunci ya ɗora kekunanmu a kwalekwale ya haye da mu. Da muka sauka na ambata masa sunan garin Laraba, na nuna gabas. Ya girgiza kai ya nuna yamma, ya ce garin da ya sani da wannan suna yana baya, ta wannan gaɓar.

Na ce, “Wani ne dai mai irin sunan. Namu yana gaba.”

Ya ce, “Allah gafarta Malam, a ruwan nan aka haife ni.”

Na ce masa na gode, amma ni da hannuna na rubuta daga bakin wanda ya yi tafiyar. Kwana shida aka ce, mun yi huɗu, saura biyu a gaba. Na hau keke na juya gabas. Taubashina ya biyo farar riga kamar yadda ya saba.

Hanyar ta yi ta tsukewa. Muka wuce gonakin rake, muka shiga wani fako mai tsakuwa, ba gari ba alamar kasuwa. Duk wanda muka tambaya sai ya nuna bayanmu, ni kuwa sai in ƙara taka feda. Rana ta take. Ina tafe ina jujjuya maganar a raina, ko abokin mahaifinsa ciwo ne ya rikita shi, ko ni ne na tsallake wani abu, har na kauce wa wani zaizayayyen rami ban buɗe baki ba. Sai na ji ƙara a bayana.

Na same shi a kwance a gefe ɗaya, keken a kansa, gwiwarsa ta ɗaye, jini yana bin ƙaurinsa. Na ɗaga keken. Abu ɗaya aka ba ni in yi a wannan tafiya, in faɗi abin da ke ƙasa, shi ma na kasa. Na ja shi inuwar wata ɗorawa, na wanke ciwon da ruwan buta, na yage gefen rawanina na ɗaure.

Bai yi tsokana ba, wannan ya fi tayar mini da hankali. Ya jingina da bishiya yana numfashi. Can ya ce, “Malam, karanta mini takardar nan. Ba zangon yau ba. Tun daga bisimilla har inda alƙalami ya tsaya.”

Na karanta. Asabar, Lahadi, Litinin, Talata, a haye, Laraba, Alhamis, tsamiyoyi uku.

Ya ce, “Sai me?”

Na ce, “Shi ke nan.”

“Juma'a fa?”

“Babu Juma'a a ciki.”

“To a ina suke yin Juma'a?”

Ya gyara zama, ya miƙe ƙafar mai ciwo.

Ya ce, “Abu ɗaya da tsohuwata take yawan faɗa game da mahaifina, bai taɓa yin Juma'a a wani gari ba. Kullum da hantsi yake shigowa da rake da busasshen kifi, ya yi wanka ya tafi masallaci. Asabar ya sake ɗaura kaya. Malam, ɗan koli ba miƙewa yake yi kamar mai tafiya Makka ba. Zagaye yake yi. Ya tafi ta wannan gaɓa da kaya masu nauyi, ya haye, ya dawo ta waccan da sauƙin kaya, yana cin kasuwa har gida. In Alhamis yana kasuwa, Juma'a da hantsi yana Zariya, ina kasuwar Alhamis take?”

Na ce a hankali, “A bayan gari.”

“A bayan gari! Tsohuwa ta ce ranar Juma'a aka kawo mata labari, mu muka ɗauka Juma'ar sama ce. Washegari ce!”

Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi yana dukan ƙasa, hawaye yana zuba, ban san ko na dariyar ne kaɗai ba. Ni kuwa na zauna da takarda a hannu. Na kwafi littattafai masu yawa a rayuwata ban tsallake layi ba, wannan ma ban tsallake ba. Na rubuta daidai, na fahimta a karkace, domin ban taɓa sayar da ko allura ba. Na ɗauki ranakun kasuwa na mayar da su ma'aunin nisa. Da tun ranar farko na karanta masa ita duka, da ya gane kafin mu fita daga Ƙofar Kibo. Tafiyar da na guje wa shekara talatin da wani abu, ta rabin yini ce.

Na ce, “Ƙafarka za ta iya?”

Ya ce, “Ƙafar bawa ce. Juya mu, kuma wannan karon in ka ga rami ka yi masa sallama da ƙarfi.”

Muka juya. Da muka sake wucewa ta mashigin, masuncin yana gyaran taru. Na sauka na gaishe shi na ce shi ne da gaskiya. Ya ce ba komai, ya ba mu kifi biyu. Ba mu kai garin Laraba ba sai dab da Magariba, kasuwa ta watse, amma sunan da alamar duk sun dace. Muka gasa kifin a bakin ruwa. Yanzu kogin yana tafiya tare da mu, inda muka nufa nan ya nufa.

Alhamis muka yi sammako. Zangon da tsawo, gwiwarsa ta kumbura, amma ya ƙi mu huta sai don sallah. Bayan azahar na fara tambayar tsohuwar kasuwar Alhamis. Matasa ba su sani ba. Wani mai ban ruwa ya ce kasuwa ta koma bakin titi tun yana yaro, amma akwai unguwar da har yanzu ake ce wa tsohuwar kasuwa. Da La'asar sakaliya muka shiga. Daga kan tudun garin na hango dogayen ƙarafan sadarwa na Zariya a yamma, ban gaya wa taubashina ba tukuna.

Limamin garin ya karanta takardar shaidata da kansa, ya jinjina kai, ya sa aka kai mu wurin wani tsoho da ke zaune a ƙofar gida yana tufkar igiya. Muka gaisa. Taubashina ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo mu.

Tsohon ya ajiye igiyar ya ce, “Ɗan kolin birni? Dogo, mai wushirya? Ai ina cikin waɗanda suka haƙa kabarinsa. A wurinsa na sayi madubin da na kai gidan su matata. Kai ne ɗan da yake cewa ya bari a gida yana koyon tafiya?”

Ni na amsa, na ce shi ne.

Tsohon ya dogara sanda ya kai mu. Tsamiyoyin saura biyu, ta ukun kututture ne. Gonar albasa ta zo har kusa, amma an bar wani ɗan fili ba a taɓa shi ba, an kewaye shi da duwatsu. Ya ce kowa a garin ya san nan makwancin baƙo ne, ba a nomawa. Ƙasa ce kawai a shafe, da busassun ganyen tsamiya, kogi yana wucewa a ƙasa.

Taubashina ya cire takalmi. Ya tsaya yana juya kansa a hankali daga wannan dutse zuwa wancan, yana bin wurin da ɗan abin da ya rage masa na gani, kaɗan-kaɗan, har ya haɗa shi duka. Ya dubi bishiyoyin, ya dubi ruwan. Ya yi wa mahaifinsa sallama, ya ce in yi addu'a. Na yi abin da Allah ya sawwaƙe, muka shafa, tsohon ya koma ya bar mu.

A nan na ce masa, “Ɗan Gwaggo, ranar nan ba ni da wata masassara. Tsoro na ji, na yi maka ƙarya. Ka yafe mini.”

Bai juyo ba. Ya ce, “Na sani. Akwai kwanon ɗumame a bayan ƙofa, an sharce shi tas, ga miya a yatsunka.”

“Ka sani ka yi shiru?”

“In na yi magana me za ka ce? Sai ka ƙara wata ƙaryar, su zama biyu.” Ya share fuska da hannun riga. “Da mun zo a lokacin, da na zo da ido biyu in tsaya in tafi. Yanzu na ci kasuwanninsa duka, na kwana inda ya kwana. Kwana shida ka ce mini, kwana shida ka ba ni. Na yafe, Malam, duniya da lahira. Tashi ka nemo mana wurin kwana, ban da mashaya.”

Muka kafa tamfol a ɗan nesa da tsamiyoyin. Da safe ya sake komawa shi kaɗai, na tsaya ina ɗaure kaya har ya dawo. Ya sayi rake biyu a wurin masu lambu ya ɗaura a kariya. Muka hau, ni a gaba shi a baya, ina kiran rami da yashi. Rana ba ta kai tsaka ba muka shiga Ƙofar Kona. Har na sami lokacin yin aski kafin masallaci.

Bayan sati guda na je Ƙofar Kuyambana in duba gwiwarsa. Benci cike da masu jiran gyara. Tun daga nesa ya gane farar rigar, ya ɗaga murya.

“Ku matsa wa Malam ya zauna, ba ya jimirin tsayuwa. Wata irin masassara gare shi, ba ta kama shi sai ranar Asabar, kuma ba ta sauka sai da ɗumame!”

Suka ce wace iri ce wannan? Ya ajiye sifana ya fara ba su labari tun daga bargo. Na zauna a tsakiyarsu, aka miƙo mini shayi, na hura, ina saurare ina gyara masa inda ya ƙara gishiri.